Ba Evaristo Yana Neman Wanda Zai Zalunce Shi

"Ba ni sati biyu, mulamu," in ji mijin yayata, yana nuna ni da lomar tuwon masara. Mulamu shi ne suruki a harshenmu. "Sati biyu kacal, in mayar maka da ƙasar nan rawaya."

Ba Evaristo Miti, wanda "Ba" ɗinsa laƙabin girmamawa ne a wurinmu kamar Malam, ya shekara talatin yana koyar da tarihi a sakandare, kuma tun da ya yi ritaya ya rasa waɗanda za su saurare shi dole, sai ya kafa jam'iyya. Sunanta Jam'iyyar Farkawar Talaka. Hedikwatarta gindin mangwaron gidansa ne a unguwar Chawama ta Lusaka, 'ya'yanta kuwa shi ne, da wanzaminsa, da yayata Esnart wadda aka rubuta sunanta ba da saninta ba.

Laifina ne da na buɗe baki a gabansa. Ni Lackson Daka, shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a wata gidauniya ta Turawan ƙasar sanyi, wadda ke tallafa wa sababbin jam'iyyu a ƙasashe shida na yankinmu. A bana manyansu suka ce sun gaji, ƙasa biyu kawai za su ci gaba da riƙewa. Suka aiko mana da wata mata, Madam Birgit, da taswira da kwalin allurai masu kan roba. Ƙasar da ta kama da wuta a soka mata ja, ba za a zuba kuɗi a wuta ba. Wadda take zaune lafiya a soka mata koriya, ba ta buƙatar kowa. Wadda ake so ita ce rawaya: a ɗan doki 'yan adawa, a ɗan kulle su, amma kada a yi yawan da Bature zai ji tsoron kwana a otal. Ni kuwa da kunnena na ji Madam tana cewa a waya, a bayan motata, Zambiya ta fara yi mata kama da koriya. In aka soka koriyar nan, an rufe ofishinmu na Lusaka ke nan, ni kuma ga shekara hamsin da biyu a wuya da 'ya'ya uku a makaranta. Abin da na zo gaya wa yayata ke nan ranar Lahadi, don in sami mai tausaya mini.

"Matsalar ƙasar nan," in ji Ba Evaristo, "ba ta da wanda ake zalunta yadda ya kamata. To ga ni. Na san yadda aka kama duk wani babban ɗan gwagwarmaya tun daga zamanin Turawa, na koyar da shi aji-aji. Kai dai ka kawo matar nan ranar taronmu."

Esnart ta ɗauke kwanon miya daga gabansa. "Kai da ko kare ya yi haushi sai ka ce in leƙa?"

"Wannan dabara ce ta shugabanci, uwargida. Ba a tura janar gaba."

Na san shirme ne. Amma wanda aikinsa ke rawa ba ya tsayawa zaɓen mai taimako, sai na ce to.

Ranar Litinin ya sa kwat, ya tafi ofishin 'yan sanda neman izinin taro, don a hana shi. Ya ce in raka shi in zama shaida. Tun daga bakin ƙofa ya fara ɗaga murya.

"Na san ba za ku ba ni ba! Na san an yi muku waya daga sama!"

Sufeton da ke bayan tebur ya ɗago kai, ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. "Malam Miti! Ni ne Hamoonga, ɗan aji huɗu, wanda kake kora waje kullum!"

"Ban zo zumunci ba. Na zo taron da zai girgiza gwamnati."

"Wace rana, Malam?"

"Asabar ta sama, a filin bayan kasuwa. Kuma zan faɗi maganganu masu zafi."

"Ai mun saba, Malam." Ya buga hatimi. "Kuna da kujeru? Akwai benci takwas a bayan ofis, ba a amfani da su. Zan sa a kai muku."

"Hamoonga, ka karanta takardar kuwa? Na rubuta juyin juya hali a ciki har sau uku."

"Na gani, Malam, rubutunka bai canza ba. Zan zo da kaina in tabbatar ba wanda ya dame ka."

Da muka fito Ba Evaristo ya tsaya a bakin titi yana huci. "Ka ga illar ilimi ke nan. Da na bar yaron nan jahili, da yanzu ina bayan kanta."

Ranar Laraba ya buga hotunansa, yana ɗaga ƙulallen hannu yana harara, ya ɗauki bokitin koko, ya nufi gidan shugaban jam'iyya mai mulki na gundumarmu. Da rana tsaka ya je, don a gan shi. Ya manna hoto a katanga, ya manna a ƙofa, ya manna har a jikin tankin ruwa, yana tari da ƙarfi. Maƙwabta suka fito suka jeru. Can sai ga maigidan ya fito da singileti, ƙato ne mai wuyan sa. Ba Evaristo ya cire tabarau ya miƙa wa wanzami, ya rufe ido, ya miƙa kumatu.

Mutumin ya dubi katangarsa tsaf, ya ce, "Ba Miti, kana da saura?"

"Me?"

"Ta baya ma ta tsattsage. In ka rufe mini ita kafin surukaina su zo ranar Juma'a, ka gama mini komai."

Unguwa ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce a kawo mata goma, masu kaurin, tana naɗe ƙosan fulawa da su. Kafin magariba rabin yaran Chawama suna lasar mai daga fuskar shugaban Farkawar Talaka.

Sai ya ce tunda gwamnati ta ƙi yin aikinta, zai yi mata. Ya shiga ɗaki ya kulle, ya aika wanzami ya baza labari cewa an yi wa Ba Miti ɗaurin talala. Wanzami kuwa mutum ne da ba ya iya faɗin magana yadda aka ba shi, sai ya ƙara mata tausayi. Ya yi ta cewa Ba Miti ba ya iya fita, ba ya iya ganin kowa, sai addu'a. Washegari da hantsi matan coci ashirin suka iso cikin fararen riguna da jajayen ɗankwali, suna waƙa tun daga kan kwana. Suka cika tsakar gida da kunun masara da lemo da dafaffen ƙwai.

"Ba ni da ciwo!" ya yi ihu ta taga. "Gwamnati ce ta tsare ni!"

Shugabarsu ta dubi Esnart, ta girgiza kai. "Ya kai ga haka? Mijina ma da gwamnati ya fara."

"Ina makullin?" wata ta tambaya.

"Yana aljihunsa," in ji Esnart.

Suka sa shi ya buɗe, suka zaunar da shi a tsakiya, suka ɗora masa hannu ashirin a ka. Awa biyu suna korar abin da ya shige shi. Da na zo da yamma na tarar da shi yana cin ƙwai na shida.

"Mulamu," na ce, "saura kwana takwas. Jiya Madam ta tambayi sakatariya nawa ake sayar da tsofaffin kujerun ofis."

"Kwantar da hankalinka. Duk wannan share fage ne. Zan yi hayar 'yan ta-kife su tarwatsa taron a gabanta. Kuma na san inda zan same su." Ya sassauta murya. "Bana Kangwa."

Na ajiye kofina. Bana Kangwa, wato uwar Kangwa, ita ce shugabar masu sayar da busasshen kifi a kasuwa, macen da ko 'yan kamasho suna sauya hanya in sun hango ta. Amma 'yar Bemba ce, mu kuwa mutanen Gabas ne. Tun kaka da kakanni Bemba abokan wasanmu ne, mbuya muke kiran juna. Su ce mana masu cin ɓera, mu ce musu masu cin biri. In aka yi mana rasuwa su ke zuwa su yi girki su haƙa kabari, sannan su bi mu da gari su bule mu fari fat, sai ka jefa wani abu a faranti su sake ka. Kuma duk abin da mbuya ya yi maka, haramun ne ka yi fushi.

"Ba Evaristo, mbuya za ka ɗauka su doke ka?"

"Kai direba ne, ba ka san tarihi ba. Wa ya fi su iya zaginmu? Shekara ɗari suna gwaji! Ga shi ba sai na koya musu komai ba."

"Ai shi ne matsalar."

"Matar nan daga ƙasar ƙanƙara ta zo. Ina ta san mbuya? Ita dai ta ga an yi kaina."

Sau uku yana zuwa rumfarta. Na farko ta kore shi da tsintsiya, na biyu ta yi dariya har ta zauna a kan buhun kifi, na uku ta ce za ta zo da mata talatin.

Ranar Asabar na ɗauko Madam Birgit daga otal. Na ce mata akwai wata sabuwar jam'iyya da ke shan wahala ƙwarai, ya kamata ta gani da idonta. Ta ɗauki littafinta da ruwan gora. Mace ce doguwa mai furfura, ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai duk abin da ta gani sai ta ba shi maki.

Mun tarar da benci takwas a jere, da Sufeto Hamoonga a gefe yana gyara waya ta lasifika. Mutane sun fi ɗari biyu, don duk wanda ya ci ƙosai a kwanakin nan ya san fuskar. Ba Evaristo ya hau kan teburin guga na yayata, cikin kwat ɗina na aure da ya ara.

"Ya ku talakawa!" ya fara da Turanci, yana kallon Madam. "Ina tsaye a gabanku ina sane da cewa watakila wannan ce rana ta ƙarshe da zan ga hasken rana!"

"Allah Ya ƙara sauƙi, Malam!" in ji wata daga cikin matan coci.

Ya yi minti arba'in. Ya bi ta kan Faransa, ya ratsa Rasha, yana ta waiwayar hanyar kasuwa. Madam ta yi hamma sau biyu, ta rubuta wani abu gajere. Gumi ya jiƙa mini riga.

Sai ga ƙura ta taso. Mata talatin, an ɗaure zane a ƙugu, Bana Kangwa a gaba da muciya a hannu, suna ihu. Gaskiya da farko abin ya yi kyau. Madam ta miƙe tsaye, ta riƙe hannuna. Zuciyata ta ce, Lackson, ka tsira.

Bana Kangwa ta tsaya a gaban teburin, ta ɗaga muciya, ta cika ƙirji da iska.

"Sauko, mai cin ɓera!"

Sai wani tsoho ɗan Chipata, can Gabas, ya amsa daga baya, "Wa ya buɗe wa birai kejin?"

Shi ke nan. Kowa ya gane. Aka fashe da shewa. Matan suka zaro ledojin garin masara daga cikin zane, suka yi kan teburin. Kafin ka ce me, Ba Evaristo ya zama fari tun daga sanƙo har takalmi. Duk ɗan Gabas da ke wurin ya tashi da gudu yana dariya, duk ɗan Bemba ya bi shi. Wanzami ya shige ƙarƙashin benci, suka jawo shi ta ƙafa. Wani ya kifa bokiti ya fara kiɗa. Matan coci suka ajiye jakunkuna suka shiga rawa.

"Madam, duba!" Ba Evaristo ya yi ihu a lasifika, gari yana fita daga bakinsa. "Zalunci! Ƙabilanci! Sufeto, ba ka ga ana kashe ni ba?"

"Malam, ni ɗan Tonga ne," in ji Hamoonga yana share hawaye. "Ba na shiga tsakanin mbuya."

"Lackson, me ke faruwa?" in ji Madam. "Me ya sa waɗanda ake kai wa hari suke dariya?"

"Tsoro ne, Madam. Haka muke yi in mun tsorata."

Da a nan aka tsaya, da watakila na lallaɓa. Amma Bana Kangwa ta miƙa wa Ba Evaristo faranti, kamar yadda aka saba, ya jefa abin fansar kansa. Shi kuwa ganin shirinsa ya zama biki, sai ya yi abin da ɗan Gabas bai taɓa yi ba a gaban jama'a. Ya yi fushi. Ya buge farantin ya faɗi ƙasa.

"Ba haka muka yi da ke ba!"

Kiɗa ya tsaya. Bana Kangwa ta dubi farantin, ta dube shi. Ta miƙa hannu a hankali ta karɓe lasifikar.

"Jama'a, ku zama shaida. Ɗan Gabas ya yi fushi da mbuyarsa." Aka yi salati iri-iri. "To tunda ka ce ba haka muka yi ba, bari in faɗi yadda muka yi. Sau uku tsohon nan yana zuwa rumfata yana roƙo in zo in doke shi. Ya ce in yaga riga amma kada in taɓa kwat, ta ƙanin matarsa ce direban Baturiya. Ya ce in mare shi a hagu, haƙorin dama yana ciwo. Ya ce in an ga jini kaɗan, Baturiya za ta soka wa ƙasarmu rawayar allura, kuɗi su zo. Na ce masa, mbuya, ni in zubar maka da jini? Wa zai haƙa mini kabari?"

Filin ya ɗauki ihu. Wasu suka zube ƙasa.

"Me ta ce?" in ji Madam. "Na ji ta nuna ka."

Na buɗe baki ina neman ƙaryar da za ta ɗauki wannan kaya, sai ga Sufeto Hamoonga a gefenmu, ya cire hula. "Bari in taimaka, Madam. Malam ne ya koya mini fassara." Ya juya mata shi tas da Turanci, har haƙorin dama bai bari ba.

Ba Evaristo ya nemi saukowa da mutunci, teburin guga ya naɗe da shi. Esnart ta ratso taron, ta ɗaga teburinta ta duba ƙafafunsa, ta saɓa a kafaɗa ta tafi, ta bar mijin a ƙasa. Matan kifi suka kewaye shi suka ce ba zai tashi ba sai ya nemi gafara da waƙa. Ya yi waƙar. Daga nan suka juyo kanmu, suka ce baƙuwar ɗan Gabas ai 'yar Gabas ce, suka bule Madam Birgit har gira. Ta tsaya ƙiƙam, sannan ta tuntsire da dariya, ta jefa kwacha, kuɗin ƙasarmu, a faranti, ta nemi a ba ta leda ita ma.

A mota, muna wuce shataletale na biyu sai ta jefo mini tambaya.

"Lackson, ina ya ji labarin allurai?"

"A bakina, Madam."

Na jira ta ce in tsaya in ba ta makulli. Sai na ji tana jan hanci. Na duba madubi, na ga hawaye ya yi layi biyu a cikin garin da ke fuskarta.

"Shekara ashirin ina yawon ƙasashe," ta ce. "Na ga inda ake ɓoye rikici don kada in gani. Ban taɓa ganin inda mutum ya yi sati biyu yana neman wanda zai zalunce shi ya rasa ba. Ɗan sanda ya ba shi benci! Lackson, ya kamata ka yi alfahari da ƙasarka."

"Ina yi, Madam. Amma in kin duba da kyau, muna da matsaloli. Akwai..."

"Ba kwa buƙatarmu," ta ce, ta dafa kafaɗata. "Wannan shi ne rahoto mafi daɗi da zan rubuta a rayuwata."

Ranar Litinin ta tara mu a gaban taswira, mu tara, ta soka koriyar allura da hannunta, ta ce mu tafa wa kanmu. Muka tafa. Mai shara tana tafi tana kuka, Madam ta rungume ta tana cewa ita ma abin ya taɓa ta. Ƙarshen wata aka sauke allon ofis. Na wanke motar nan da na sani fiye da tafin hannuna, na ajiye makulli a kan tebur, na fito na hau bas kamar kowa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban san wanda zan kai wa ƙara ba.

Na wuce Chawama don in gaya wa Esnart. Tun daga ƙofa na jiyo muryarsa a gindin mangwaro, maƙwabta sun kewaye shi.

"Ƙasashe shida aka auna, ƙasarmu ta zo ta ɗaya! Wa ya jawo? Da gangan na shirya komai, don duniya ta ga irin tarbiyyar da muka ba ɗalibanmu. Ni kaɗai na yaye ƙasar nan daga nonon Turawa, ba harsashi ko ɗaya!"

Ya hango ni, ya taso da sauri, ya ja ni gefe. A bayan ƙofa na ga akwati a ɗaure, da sauran hotunan nan a kai.

"Mulamu, na ji maƙwabtanmu na tsallaken iyaka sun sami rawaya."

"Sun samu."

"To kakata ta wajen uwa can aka haife ta. Jinina ne ke shan wahala a can, ba zan zauna ina kallo ba. Kuma 'yan sandansu ba ɗalibaina ba ne." Ya gyara tabarau, ya dube ni da tausayi na gaske. "Shugaban jam'iyya ba ya shiga ƙasa a ƙafa. Ina buƙatar direba, kai kuma Allah Ya taimake ka, yanzu ba ka da aikin komai."

Daga cikin kicin Esnart ta ce, "Lackson, in za ka doke shi, jira in kira Baturiyar ta gani."